Ranar da Aka Auna Ruwan Bututu

Zuwa ga Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Asiya da yara a can Fatakwal. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a nema. Mu nan mun gode Allah, sai dai tsadar da kowa ke kuka da ita. Inna tana nan, ƙafar ce ke taɓa ta in an yi sanyi. Mairo ta tafi gidansu a Tofa goyon ciki, ta tafi da yara, gidan ya yi mini faɗi.

Yaya, akwai maganar da ban iya faɗa maka a waya ba. Ka san ni ke kula da injin da ke tura ruwa zuwa gonakin rani. To, bana ruwan ya ja baya a can ƙarshen bututu, albasa da tumatir suka fara ƙonewa. Ba a jima ba aka soma cewa wai ni nake rage ruwa ina karkatar da shi ga waɗanda nake so. Na rantse a gaban Mai Unguwa, amma wanda gonarsa ke bushewa ba ya jin rantsuwa. In na zo majalisa sai hira ta mutu. Har Iliyasu, wanda muka yi karatun allo tare, ya koma amsa sallama kawai ya wuce. Sai na riƙa cin abincina a ɗakin inji ni kaɗai.

Ranar Talata waɗanda suka kafa injin suka turo wata injiniya, Malama Asama'u, da na'ura a cikin jaka. Na ɗauka za ta ce a kashe inji a yanke bututu, ashe ko ɗaya. Ta kankare tsatsa, ta shafa maiƙo, ta ɗaura wasu ƙarafa biyu kamar kwalin ashana a jikin bututun. Ta ce suna aika wa juna wata ƙara da kunne ba ya ji, tana ratsa ƙarfe da ruwa. Wadda ta bi gudun ruwa takan riga wadda ta yi gaba da shi isa, daga nan na'urar ke sanin yawan ruwan da ke wucewa. Ta ce har bututun gas na wajenku da irinta ake aunawa.

A bakin inji ruwa cike yake. A ƙarshen bututu kuwa bai kai rabi ba. Muka yi ta bin layi cikin rana, manoma na biye da mu, tana ɗaurawa tana kwancewa, har muka iso tsohon kwarin nan inda bututu ya shige ƙasa. Kafin kwarin, ruwa cikakke, bayansa babu. Aka haƙa, sai ga bututu a tsage, ruwa na zurarewa cikin yashi. Gani ya kori ji. Mai Unguwa ya ce a gaban kowa an ɗauki alhakina, mutane suka sunkuyar da kai.

Ban tsaya ba, na nufi gidan Iliyasu. Matarsa Sauda ta aiko mini cewa ya tafi tun makon jiya, da ya ga albasarsa ta mutu. Wai ya bi motar kaya zuwa wajenku, wayarsa kuma ya sayar kafin ya tafi. Na daɗe tsaye a ƙofar gidan.

Abin da ya sa na rubuto ke nan, Yaya. Don Allah ka leƙa kasuwa wajen masu albasa, mutanenmu na Bagwai sun san juna. In ka same shi ka faɗa masa yadda aka yi. Ba ina so ya ba ni haƙuri ba ne. So nake kawai ya san ba ni na kashe masa gona ba.

Inna na gaishe ka, ta ce ka riƙa kira. Ka gaishe mini da Asiya da Fadima da ƙaramin Abdussalam. Allah ya sada mu da alheri.

Naka ƙane,
Sama'ilu