Tayin da Na Yi wa Yaya

Litinin, 5 ga Mayu

Yaya ya zo shago yau, shi kaɗai, ba matarsa Anti. Wata bakwai rabonsa da hawa benen nan, tun da hawan jini ya kayar da shi ya taɓa masa ɓarin dama. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun ne ya ƙi. Na hango shi yana hawowa a hankali, jaka rataye a kafaɗar hagu. Na taso da sauri zan karɓa, ya ce in koma in zauna, shi ba kaya ba ne.

Kwamfutarsa ce ya kawo, ta cinya, wadda yake zanen gine-gine da ita. Ni na zaɓa masa ita shekara biyu da suka wuce. Har kwalinta ya ajiye, da caja, da rasit a cikin leda. Yaya ke nan.

Ya ce, “Auta, duba min. Nawa za ta yi?”

Shekara goma sha ɗaya ina saye da sayar da kwamfutoci na hannu, kuma kowa a benen nan ya san ba na kushe kayan mutum don in saye da araha. Shi ya sa suke ce min Sikeli. Na yi mata abin da nake wa kowace. Na ɗaga marfin da yatsa ɗaya, na kasa kunne na ji fanka, na mai da allon fari fat ina neman tabo, na bi madannan ɗaya bayan ɗaya, na duba batir. Babu abin da ya same ta. Naira dubu ɗari shida da hamsin, ido rufe.

Amma ina dubawa ina satar kallon hannunsa a kan cinya, yatsun a lanƙwashe. Na ce a raina, in ya sayar da wannan shi ke nan, ya sallama. Ba zai ƙara matsa ƙwallon robar nan da likita ya ba shi ba. Sai kawai na ji bakina yana cewa batir ya yi sanyi, marfin ya fara saki, irinta sun cika kasuwa. Na ce ɗari biyu. Na ce, “Ka ga ai ba amfanin sayarwa, Yaya. Ajiye abarka har ka warware.”

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Ɗari biyu.” Can kuma ya ce, “To.” Da hannu ɗaya ya mayar da komai cikin jaka. Shayin da na zuba masa yana nan ya huce.

Talata, 6 ga Mayu

Ai ba cuta ba ce. Da saye zan yi shi ne cuta. Hana shi na yi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Dillalin da ke kawo mana kaya ya ce sabon samfurin irin ta Yaya zai sauka wata mai zuwa. Na san abin da hakan ke nufi. Ranar da sabuwa ta shigo gilas ɗin shaguna, tsohuwa kan zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta, ko da ba wanda ya taɓa ta. Kayan nan ba fili ba ne, a ajiye ma narkewa suke.

Na ji, na ci gaba da kwance wata mai karyayyen allo. Sukurori biyu na ɓatar yau, ni da ba na ɓatarwa.

Litinin, 12 ga Mayu

Dogo, mai shagon ƙasa, ya hawo yana washe baki. A gaban mutane biyu da nake ciniki da su ya ce, “Sikeli, ashe kai ma kana yanka? Kuma daga gida ka fara?”

Wai ranar Asabar Yaya ya kai masa kwamfutar. Dogo ya taya ɗari shida. Dogo fa, wanda ko sabuwa dal ka kai masa sai ya nemo mata ciwo. Yaya ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Yaya ya tambayi batir, Dogo ya buɗe ya nuna masa lafiyar batirin a rubuce a allo. Ya tambayi marfi, Dogo ya ɗaga ya sauke sau biyar. Sai Yaya ya ce, “Auta ya ce ɗari biyu.” Bai ce albarka ba, bai ce ya sallama ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Wallahi saura kaɗan in shaƙe Dogo. Na ce ya fita min daga shago. Yana sauka yana dariya, kafin azahar duk layin ya ji. Amma me Dogo ya yi? Gaskiya ya faɗa, sau ɗaya a rayuwarsa, kuma a kaina ta faɗo.

Ban taɓa kawowa a raina Yaya zai kai wa wani ba. Wautata ke nan. Na ɗauka abin da na faɗa ya zauna.

Laraba, 14 ga Mayu

Kira huɗu. Bai ɗauka ba.

Juma’a, 16 ga Mayu

Na je gidan da yamma. Anti ce ta tare ni a ƙofar falo, ba ta matsa ba. Matar da ta yi min wanki shekara shida ina makaranta, yau ba ta ce in shigo ba.

Ta ce yana kwance. Na ce Anti ki bari in yi masa bayani. Ta rage murya ta ce, “Auta, ni na san ba za ka ci kuɗin yayanka ba. Shi ma can ƙasan ransa ina jin ya sani. Amma tun ranar Asabar abinci kaɗan yake taɓawa. Ya ce tun da ya kwanta kowa ke yi masa ƙarya, masu dubiya, abokan aiki, har ni. Ya ce kai kaɗai ka rage, don kai sana’arka ce faɗin abin da abu ya kai.”

Na miƙa mata ledar lemon da na sayo, ta karɓa don kada in ji kunya. Takalmansa na bakin ƙofa, na tsaya ina kallonsu kamar wani sakarai.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ban buɗe shago ba. Maiɗakina ta gaji da ganina ina zagaye tsakar gida, ta ce in ba zan zauna ba in ɗauki tsintsiya. Na ba ta labarin duka, har da dalilina, ina jiran ta ce na kyauta. Ta ce, “Kai da ko gishiri ya yi yawa ba ka iya ɓoyewa, kai ne za ka yi wa Yaya dabara?” Na ce ai don shi na yi. Ta ce to, ta ci gaba da tsince shinkafarta. “To” ɗin nan ta fi zagi ciwo.

Ina da shekara tara Baba ya rasu. Abin da na fi tunawa daga shekarun nan shi ne bayan Yaya a sunkuye kan teburin zane, lokacin ba kwamfuta, sai fensir da ruler da babbar takarda. Da hannun nan ya ciyar da mu mu huɗu. Da shi ya mare ni ranar da na gudu daga makaranta, da shi ya sa hannu a takardar hayar shagona. Ban san Yaya ba tare da hannun nan ba. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan. Na rubuta, tunda ba mai karantawa.

Talata, 20 ga Mayu

Shi ya aiko a kira ni.

Na same shi a ɗakin aikinsa, kwamfutar a buɗe kan tebur. Bai amsa gaisuwa da tsawo ba. Ya ce in ja kujera in zauna kusa. Ya kama hannun dama da na hagu, ya ɗora shi a kan maus, ya ce in kalli allo. Layi ɗaya yake so ya ja, bango ɗaya, daga nan zuwa can. Kibiyar ta yi ta rawa. Ya ciji leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi. Layin ya tafi a karkace, ya tsinke, ya goge, ya sake. Sau shida. Na ce ya isa, Yaya. Ya ce in yi shiru in kalla, shi wata bakwai yana kallo kowace safiya. Ya gwada da hagu ma, ya nuna min. Ana iya ja, amma aikin awa ɗaya sai ya ci yini, kuma ba mai ba ka gini ya jira ka.

Ya ce tun watan Fabrairu likita ya gaya masa abin da ya dawo ya dawo, saura sai dai haƙuri. Anti ta sani. Ni ne bai gaya wa ba. Na ce don me? Ya ce, “Don duk ka shigo ɗakin nan hannun kake gaisarwa kafin ni.”

Na faɗa masa dalilina. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce da farko ya zaci kwaɗayi ne, kuma ya yi kwana biyu yana jin kamar an soke shi. Da ya gane ba shi ba ne, sai abin ya fi yi masa zafi. Ya ce mai cutarka aƙalla ya san kai mutum ne mai kaya a hannu. Ni kuwa na mai da shi yaron da ake ɓoye wa wuƙa.

Ashe ma ba wai zai zauna ba ne. Canji yake so. A karɓi wannan, a ba shi wata mai sauƙi mai faɗin allo, a cika masa kuɗi. Akwai masu zane uku da ya koyar, sun ce za su riƙa turo masa aikinsu yana dubawa yana gyara musu, suna biyansa. Dubawa ba ta buƙatar inji mai ƙarfi irin wannan. Ya ce, “Idona bai shanye ba. Kuma na san abin nan kullum faɗuwa yake, ko ba haka ba ne, malam Sikeli?”

Na ce haka ne. Na gaya masa zancen sabon samfuri. Ya ce tun yaushe na sani. Na ce tun takwas ga wata. Ya girgiza kai kawai.

Da zan fita ya ce in ɗauki jakar. Ya ce, “Ka sake dubawa. Wannan karon da idonka na shago.”

Alhamis, 22 ga Mayu

Na sake dubawa, kamar ban taɓa ganinta ba. Akwai ɗan karce a gefen hagu da ban lura da shi ba ranar farko. Kuma zancen sabuwar ya riga ya zaga, masu irinta sun fara zubarwa. Yau ɗari biyar da tamanin take. Kwana goma sha bakwai na ƙaryata sun ci masa saba’in.

Na so in cika daga aljihuna in ce ɗari shida da hamsin. Har na ɗauki biro. Sai na ajiye. Na kira shi na faɗa masa yadda take, da karcen, da faɗuwar, da cewa laifina ne. Ya ce, “Na sallama.” Na ce saba’in ɗin fa? Ya ce in riƙe, kuɗin makaranta ne ya biya min. Ban san ko wasa yake ba. Muryarsa dai ta ɗan saki.

Asabar, 24 ga Mayu

Na kai masa wadda ya zaɓa, da cikon kuɗinsa. Na kwashe masa zanensa duka na zuba a ciki, na ƙara girman rubutu, na mai da maus ɗin ɓangaren hagu. Anti ta kawo abinci, ta zuba min da yawa kamar da.

Da na koma shago na goge abin da ke cikin tsohuwar tas. Minti arba’in ta ɗauka. Na goge ɗaruruwa a rayuwata, da hotunan mutane da wasiƙunsu, ban taɓa tsayawa kallo ba. Wannan na zauna a gabanta har ta gama. Dogo ya leƙo, ya ga fuskata, ya koma.

Laraba, 28 ga Mayu

Tana cikin gilas. Mutum biyu sun taya, na ce albarka. Tayinsu bai yi muni ba. Na sani.

Litinin, 2 ga Yuni

An yi ruwa da safe, kasuwa shiru. Na gyara biyu, na karɓi ɗaya a canji, mai ita ya yi ta rantsuwa bai taɓa yar da ita ba alhali kusurwarta a lotse.

Wajen la’asar wata mata ta zo, ta ce injiniya ce, tana neman mai ƙarfin ɗaukar zane. Ta san abin da take so. Ta ɗaga marfi, ta duba batir da kanta, ta gano karcen kafin in nuna mata. Muka daidaita ba ja-in-ja. Ina rubuta rasit ta yi tambayar da kowane mai saye ke yi, wai in lafiyarta lau, me ya sa mai ita ya sayar?

Na ce yayana ne, hannunsa na dama ya shanye, ba zai ƙara zane ba.

Haka ya fito, ban shirya ba. Biron bai ma tsaya ba. Ta ce ayya, Allah ya ba shi lafiya. Na ce lafiyarsa lau, yana gida yana aiki.

Na naɗe mata caja na sa a kwali.