Labarin Takalman Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? A gaishe ta, a ce mata ina cin abinci sosai.

Ni lafiya lau. Tsayuwar wanke-wanke a otal ta fara taɓa mini baya, amma da sauƙi.

Kin tuna gajeren labarin takalman Baba da na turo miki? Ke kaɗai na ce, Yaya, ke kaɗai. Wata biyar ina ragewa ina gyarawa har ya dawo kalma ɗari uku, yadda masu gasar suka nema. Ya shiga biyar na ƙarshe. Jiya suka rubuto sun cire shi. Sharaɗinsu kada labari ya taɓa fitowa ko'ina, sai ga shi a shafinki, har da hotona da "Ku taya ni murna, ƙanena marubuci ne!"

Ban yi fushi ba, na san ƙauna ce. Kada ki gaya wa Inna, bar ta da murnarta.

Kin ce in turo miki sabon. Na gama shi. Ranar da aka buga, kya karanta tare da kowa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki