Lafiya Lau Ɗin Nasiru

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Maganar ƙanenmu Nasiru ce. Tun da ya fara gadi a unguwar Aziziya a ƙasar Larabawa, duk Juma'a in na tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Ashe ya daina cin abinci, in ya tashi aiki bango kawai yake kallo. Da muka ji, mu 'yan gida muka ce kewa ce, ya yi haƙuri. Wani ɗan Bangaladash da suke ɗaki ɗaya ne ya kai shi wurin likitar ƙwaƙwalwa. Mutumin ya ce min, "Ɗan'uwanka yana ciwo, ku gaisuwa kawai, khalas, shi ke nan?" Da tsoron a kira shi mahaukaci bai rufe mana ido ba, da bai rame haka ba.

Likitar ta ce ciwon damuwa ne, a haɗa magani da addu'a. Ya fara cin abinci.

Ku sa shi a addu'a, ki gaida Inna da su Baffa. In kin kira shi ya ce lafiya lau, don Allah kada ki wuce. Ki sake tambaya.

Ƙanenki,
Bashir