Aikin da Bai Bar Tabo Ba

Laraba da dare, Potiskum

Yau 'yan dubiya sun cika gidan, kuma duk na ba su kunya. Yaya Bukar ya taso tun daga Gadaka, ya ce, "Kai ɗan boko, ɗaga riga mu ga ɗinkin." Na ce babu ɗinki. Siririyar roba mai kyamara likitan Kano ya zura, ya tsinke tsiron da ke hanjina. Ta inda ya zura kuwa, na bar Yaya ya ƙiyasta.

Ya yi dariya har da tari. "Ashe ba aiki aka yi maka ba! Basir ne kawai, irin na Baba."

Karatuna bai tsinana mini komai ba sai sanin cewa ba basir ne ya kashe Baba ba. Likita ya ce da an bar tsiron zai iya zama ciwon daji, kuma 'yan'uwana ma su je a duba su.

Na faɗa wa Yaya. Ya ce shi da girmansa ba mai zura masa roba.

Da ya miƙe zai tafi na lura da rigarsa. Bara matse shi take yi, yau yawo yake a cikinta. Haka Baba ma tasa ta fara yi masa yawa kafin ya rasu.