Malam Buba Daga Dama Yake Farawa

Laraba da dare, Kebbe

Yau na gwada sabuwar takardar rahoton allurar dabbobi. Na miƙa wa Malam Buba, mai allurarmu na garin Fakku, na zauna gefe ina kallo. Sai ya rubuta yawan shanu a gidan da takardar ta ware wa awaki, can ƙarshen layi.

Na ce, "Baba, me ya sa nan?"

Ya ce, "An ce shanu ne farko. Ni kuwa daga dama nika farawa, kamar allo."

Wata uku ina zarginsa da sakaci saboda lambobin rahotonsa na rikicewa, har na rubuta ƙararsa! Na yage ƙarar. Gobe zan sa ajami bisa kowane gida na takardar, in kai wa masu allurarmu na Jabo in ga yadda za su cika. Ko su wa kuma na zarga a banza?