Kaɗan-Kaɗan Har Bakwai

Litinin, 3 ga Maris

Yau 'yar marigayi mai walda ta zo, wadda take aikin jinya. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye waya a kan tabarma ta ce murya za ta ɗauka. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa za su yi taro ƙarshen wata, shekara arba'in ke nan da gobarar masaƙar, kuma an ce mata kaf unguwa babu mai riƙe da labarin kamar ni. Haka ne kuwa. Ban yi makaranta ba, rubutun nan ma da furfurata na koya, amma abin da ya shiga kaina ya zauna.

Na ba ta yadda na saba bayarwa. Hayaƙi ya toshe matakala, mutane sun maƙale a sama, na hau tsani sau bakwai na sauko da mutum bakwai. Ta ce, "Baba, mahaifina fa?" Na ce shi ya riƙe mini tsanin. Ta yi godiya har da hawaye.

Talata, 4 ga Maris

Matata tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗago ba: "Malam, bara shida ne. Wata ce ta haihu a kan tsanin?" Na ce ta ji da abin da ke gabanta.

Alhamis, 6 ga Maris

Ni ba maƙaryaci ba ne. Maƙaryaci shi ne wanda ya tashi rana ɗaya ya ƙaga abu tun daga tushe. Nawa kaɗan-kaɗan ne, kuma kalmar nan ba ta mugun abu ba ce. Kaɗan-kaɗan yaro yake tsawo. Kaɗan-kaɗan likita ya ƙara mini maganin hawan jini, ya ce a haka jiki ba ya firgita. Ma'anarta ke nan, ƙarin da bai kai a tsaya a yi magana a kansa ba.

To, tunda babu mai karanta wannan sai ni. Uku ne. Mai walda ne ya hau, sau uku. Ni na riƙe tsani. Yana raye ban taɓa faɗin wani abu daban ba. Bayan rasuwarsa, wata rana a bencin mai shayi, na ce ni ma na hau sau ɗaya. Babu wanda ya musa. Bayan shekaru mutanen suka zama huɗu. Ranar da na sauko da shi daga tsanin na tsaya a gurbinsa, wallahi ba zan iya nuna ta ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na haɗu da yarinyar a ƙofar kantin magani. Ta ce ta kunna wa mahaifiyarta muryata, tsohuwar ta fashe da kuka tana cewa ƙarya ne, mijinta ne ya hau. "Ka yi haƙuri Baba, ruɗewar tsufa ce. Shekaranjiya ma gishiri ta zuba a shayi." Yayan yarinyar ya ce ranar Asabar za su kai tsohuwar wajen likitan ƙwaƙwalwa, tunda har ta fara jayayya da abin da duk unguwa ta sani.

Na ce Allah ya ba ta lafiya. Da bakin nan nawa.

Litinin, 10 ga Maris

Ban fita ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na kawo dabara. Na ce wa matata yadda ya hau haka zai sauka: bana na ce shida, baɗi biyar, ba wanda zai lura. Ta yi dariya har da tari. "Shekara talatin ka yi kana ginawa. Wasu talatin ɗin kake da su a aljihu? Baiwar Allah kuma jibi-jibin nan za a rubuta mata cutar mantuwa saboda kai."

Na ce, wane ne ba ya zuba gishiri a shayi? Ta ce, "Ai maganata ke nan."

Juma'a, 14 ga Maris

Na je har ƙofar gidansu, na taɓa ƙyauren, na wuce kamar gaba za ni.

Asabar, 15 ga Maris

Na tarar da mota a ƙofa, tsohuwar a kan kujera an riga an sa mata takalmi. Ban zauna ba. Na faɗa a tsaye, idona a kan takalman: uku ne, shi ya hau, ni ina ƙasa.

Sai tsohuwar ta ce, "Hannunsa na dama bai sake miƙewa ba. Shekara tara ni nake sa masa maɓallin riga. Nuna mini naka." Na miƙa mata. Sumul, ko tabo babu.

Ɗan ya fita ya sallami mota. 'Yar ta durƙusa ta kifa kai a cinyar uwarta, ni ko kallo ban samu ba. Ina juyawa tsohuwar ta ce, "Kullum yana cewa wuta tana zubo maka a kai ba ka saki tsanin ba. Wannan bai ishe ka ba?"

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 31 ga Maris

An yi taron jiya. Da aka miƙo mini lasifika na ce uku, na faɗi wanda ya hau, na zauna. Labarin da nake kai rabin awa, ko ruwan shayi bai isa ya tafasa ba ya ƙare. Mai shayi ya leƙo kunnena: "Baba, ina sauran huɗun, sun koma sama?" Na ce ya kiyaye ni.

Ba wai na canja ba ne, numfashi ne ya yi mini gajere.

A hanyar gida na ji bakina yana ƙaiƙayin cewa tsanin ya kai bene hawa uku. Hawa biyu ne. Na rubuta a nan, don kada.