Wancan da Ke Bakin Ƙofa

Laraba, 3 ga Mayu 1893

Korgom. Na iso, bayan shekara ashirin da huɗu. Ina ɗan tara mahara suka ɗauke ni a bakin gona, aka sayar da ni kudu hannu zuwa hannu, har masu bin Almasihu suka fanshe ni a Lokoja. Can na koyi rubutun nan, can aka yi mini baftisma aka ce Ishaƙu. Nan kuwa Jatau nake, in akwai mai tunawa.

Baba ya rasu tuntuni. Inna tana nan, ta makance, ga tari. Na yi sallama kamar baƙo, ta karɓe ni da fara'a, ta sa aka kawo ruwa, tana ta tambayata labarin hanya, har ta yi wa Hausata dariya, wai ta sha ruwan Nufawa. Sai na faɗi ko ni wane ne. Ƙanwata Furera, wadda aka haifa bayan an sace ni, ta kai hannun Inna kan tabon wutar da ke ƙwaurina. Inna ta shafa sau biyu. Ta janye hannunta, ta ja zane ta rufe fuska, ta juya wa bango.

Ba ta sake ce mini kome ba.

Jumma'a, 5 ga Mayu

Shiru har yau.

Lahadi, 7 ga Mayu

Laifin bakina ne. Tun ranar farko, da maza suka tashi salla ban tashi ba, na ce musu ni mai bin Almasihu ne. Da na bari ko kwana uku. Ai Inna ta ji.

Na tafi ƙarƙashin gawo bayan gari na yi addu'ata ni kaɗai. A Lokoja mu arba'in ne muke waƙa, nan ni da kurciya. Da na dawo na ji ta ce wa Furera, "A ba wancan tuwo." Wancan. Na yi tafiyar wata uku da fatake don in zama wancan.

Abu ɗaya nake so kafin tarin nan ya tafi da ita: ta kira sunana, in san ina da uwa.

Alhamis, 11 ga Mayu

Na yi ɓarna. Matan unguwa sun zo dubiya, ɗaki cike, na kutsa na durƙusa na kama hannunta, na ce, "Inna, ni ne. Ki faɗi sunana ko sau ɗaya." Har da kuka, ƙato da gemu. Matan suka sunkuyar da kai. Inna ta fizge hannunta, ta tashi da wannan jikin, tana laluben danga har gidan Gwaggo Habsatu, ƙanwar Baba. A tsakar rana, yashi kamar garwashi.

Da yamma aka ce tarin ya fara fitowa da jini.

Asabar, 13 ga Mayu

Gwaggo ta aiko a kira ni, ta wanke ni tas. Abin da na riƙe:

"Kai, a wane daji ka girma? Kai na ɗan farinta. Wace macce ka taɓa ji ta kira sunan ɗan fari? Ka so ka tuɓe ta tsirara gaban mata."

Ni da na girma a ɗakin Kaka, ashe shi ya sa. Na san al'adar, wallahi na sani, amma ta faɗi daga kaina a wani wuri tsakanin Bida da Lokoja. Gwaggo ta ce ranar da aka sace ni Inna ba ta yi hawaye gaban kowa ba, ta ci gaba da dakanta. Bayan rumbu ake tsintar ta. Da Baba ya so a yi mini sadakar mamaci, ta ɓoye geron.

Na ce, to addinin fa? Gwaggo ta taɓe baki. "Ban ce ya yi muna daɗi ba. Abin da ke cikin ranta kuwa, ita da Allah."

Ke nan ban sani ba. Kunya ce ko ƙi? Fuskarsu ɗaya, duka biyun bango suke kallo.

Asabar, 20 ga Mayu

An dawo da Inna ɗakinta a kan jaki. Ba na shiga.

Kwana bakwai na kasa addu'a. In na durƙusa sai in ji ina yi wa Ubangiji ciniki: na sha bulala, na sha igiya a wuya, kalma ɗaya ce ta yi maka yawa? Na ji kunyar rubuta wannan, amma haka ne.

Lahadi, 28 ga Mayu

A ƙarƙashin gawo na tuna tsohon da ya koya mini karatu, shi ma bawa ne a da. Yakan ce Almasihu bai yi wa mai kaya alkawarin za a yaba masa ba, cewa ya yi ya zo ya sauke. Na daɗe zaune. Na ce, ga shi nan, na gaji da ɗauka. Ko na sauke da gaske ban sani ba. Na dai yi gyangyaɗi a wurin har tururuwa suka tashe ni.

Jumma'a, 2 ga Yuni

Ina sake wa ɗakin Inna jinka kafin ruwa ya sauka. Hannuna ya manta aikin, maƙwabta suna ta dariya. In na gama sai in zauna bakin ƙofarta, bayan zana. Ina jin numfashinta. Jiya ta ce, "Furera, mai jinka ya sauko hakanan, rana ta yi." Na sauko.

Fatakenmu za su juya kudu daga Tasawa ranar goma ga wata. Sun aiko tambaya ko zan bi su.

Talata, 6 ga Yuni

Inna ta rasu da hantsi. Ina bakin ƙofa.

Ni na haƙa kabarin. Da suka jeru yi mata salla na tsaya gefe na yi tawa a zuci, ba wanda ya kore ni. Ba ta faɗa ba. Har ƙarshe ba ta faɗa ba.

Asabar, 10 ga Yuni

Fatake sun tafi. Ban shirya kaya ba, ban san dalili ba.

Lahadi, 18 ga Yuni

Ruwa ya sauka da asuba, ruwan shuka sosai. Gari duk ya watse gona. Na ɗauki sungumi, don ina jin nauyin a ce ɗan gidan nan yana zaune ranar shuka. Furera ta tare ni a ƙofa ta karɓe shi.

Ta ce, "Yaya, Inna ta bar mini magana. Ta ce ran Lahadi kar a sa wancan aiki, ko da ruwa ya sauka. Ranar Ubangijinshi ce, ku bar shi ya huta."

Na ce yaushe ta faɗa. Ta ce tun kafin in kama hannunta gaban mata.

Makauniya, a kwance, tana ƙirga mini kwanaki.

Furera ta tafi da sungumin. Na zauna bakin ƙofar ɗakin, wurin da na saba, ƙasa tana ƙamshi. Jinkar ba ta zuba ba, sai ta gefe ɗaya kaɗan. Na yi addu'a, kuma sai da na ce amin na lura ban roƙi kome ba. Gobe zan shuka.